Rai Dangin Goro Ne

Duk wanda ya taɓa zama wurin 'yan goro a Shagamu, ko a Sabo ta Badun, ya san ba a ɗaure huhu a jefa shi lungu a ce sai ranar tafiya Arewa za a waiwaye shi. Bayan 'yan kwanaki sai an kwance, a tsince wanda sankara ta taɓa, a yayyafa ruwa, a sake ganye, sa'an nan a mayar a ɗaure. Falken da ya yi sakaci da wannan, ranar da ya sauka Kano ko Sakkwato ya buɗe kayansa, abin da zai tarar ba na kai wa kasuwa ba ne. Shi ya sa Hausawa suka ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Abin mamaki kuwa shi ne, mutanen da suka fi kowa iya adana goro a ƙasar Kurmi, su ne kuma suka fi kowa sakaci da ban ruwan nasu ran.

Akwai wata ɗabi'a da ta kama 'yan Arewa mazauna Kudu, babba da yaro, har ta zama kamar doka, watau ajiye jin daɗi sai an koma gida. A tambayi mai gadi a Ikoyi, ko mai shayi a Obalende, ko ɗan dako a kasuwar Mile 12, ko ɗan garuwa a Agege, ko mai gyaran takalmi da ke zaga titunan Fatakwal da akwatinsa, yaushe rabonsa da ya huta yini guda, ya yi wanka a natse, ya sa riga mai kyau, ya je ya gai da wani. Amsar ɗaya ce: nan wurin nema ne, ba wurin zama ba ne. Hutu sai gida, ado sai gida, cin mai kyau sai gida, dariya ma sai gida. Mutum ya yarda ya ƙuntata wa kansa wata goma sha ɗaya domin ya ji daɗin wata guda.

Ba wanda zai ce wannan tunani wauta ce. Tattali ne ya haife shi, da tausayin iyaye da mata da 'ya'ya waɗanda suka zuba ido ga abin da za a aiko. A da ma lissafin yana ɗan fita, domin asalin ci-rani na 'yan watanni ne: a gama girbi a shiga jirgin ƙasa ko bayan motar shanu, a yi rani a Kurmi, da hadari ya soma haɗuwa a juya a kama fartanya. Amma fa yau al'amarin ya sake. Da yawa daga cikin waɗanda suka fito daga Zamfara da Katsina da Sakkwato da Barno ba su da gonar da za su koma wa cikin kwanciyar hankali, sabo da 'yan bindiga da masu tayar da ƙayar baya. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota daga Ikko zuwa Arewa ya yi tashin da ya wuce ƙarfin ƙaramin mai nema. Kafin wannan, a watan Yuni na 2022, Gwamnatin Jihar Legas ta hana sana'ar acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ta ƙara huɗu a watan Satumba, samari masu yawa suka wayi gari ba abin yi. Wanda a da yake ganin gida kowace Salla, yanzu sai ya shekara biyu ko uku bai taka tasha ba. To, mai ajiye farin cikinsa sai ya koma gida, shekara nawa ke nan zai yi bai yi dariya ba?

Ga kuma wayar hannu, wadda ta shigo ƙasar nan a 2001. Ta yi alheri, ba musu. Amma a zamanin wasiƙa, mummunan labari yakan yi mako biyu a hanya, kafin ya iso ya ɗan huce. Yau tun kafin mutum ya yi alwalar asuba ya ji ƙanwarsa ba lafiya, taki ya yi tsada, an kai hari ƙauyen da ke kusa da nasu. Hotunan rikicin kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021, da na kisan matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, sun zaga wayoyi, mutane suka yi ta kallo suna maimaitawa cikin dare, a wurin kwanan da ba su da wanda za su gaya wa tsoronsu.

Abin da duk wannan ke haifarwa a zuciya ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne kamar yadda wasu masu saurin baki ke cewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya. Bahaushe ba kasafai yake cewa yana cikin baƙin ciki ba. Sai dai ya ce kansa na ciwo, jikinsa ya mutu, ƙirjinsa ya yi nauyi, barci ya ƙi zuwa, ko ya ce tunani ya yi masa yawa. Daga nan sai kantin magani, a haɗa masa na zazzaɓi da na ciwon jiki, ya sha, bayan kwana uku ya koma.

Wasu kuma, musamman matasa masu aikin ƙarfi, sai su faɗa hannun masu sayar da farin ciki na ƙarya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramadol da kodin suke sha ba da umarnin likita ba. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, amma kowa ya san ƙwaya ba ta bar tasha da kasuwa ba. Yadda take aiki kuwa irin na mai ba da bashi da ruwa ne. Yau ta ba mutum ƙarfi da walwala na 'yan awoyi, gobe ta karɓe abinta har da riba, jibi sai ya sha biyu kafin ya ji abin da ɗaya ta yi masa. Haka ma cacar ƙwallo da ta cika shaguna da wayoyi. Waɗannan su ne hanyoyi masu tsada, kuma su aka fi bi. Masu arha suna nan a gefe ba mai kula su.

Wanda ya fi duka arha, kuma aka fi yi wa rowa, shi ne barci. Likitoci sun ce baligi yana bukatar awa bakwai ko fiye a kowace rana. A dubi mai gadi: ya kwana ido biyu, da gari ya waye maimakon ya kwanta sai ya baza teburin alewa da biskit a bakin ƙofa, ko maigida ya miƙo masa bokiti ya wanke mota. Mai shayi sai bayan sha biyun dare yake kashe wuta, kafin kiran salla kuma ya hura. Mutumin da ya yi mako yana barcin awa uku, komai ƙanƙantar magana sai ta zame masa dutse. Faɗan da ake gani a tasha kan canjin da bai taka kara ya karya ba, sau da yawa bashin barci ne ke magana. Wanda aikinsa na dare ne, ya kamata ya ɗauki barcin rana da muhimmancin da yake ɗaukar albashinsa: ya nemi wuri mai duhu, in babu ya rufe ido da mayafi, ya samu awa huɗu ko biyar a jere da zarar ya sauka daga aiki, ya ƙara da ƙailula bayan azahar. Masu gadi biyu a titi ɗaya suna iya yin karɓa-karɓa wajen tsaron tebur, ɗaya ya yi barci da hantsi, ɗaya da yamma, ba wanda ya yi asarar ciniki.

A nan akwai maganar da 'yan goro da masu shayi ba za su so ji ba, amma gaskiya ce. Goro da ganyen shayi da kofi, da lemon gwangwani na ƙara kuzari da samari ke kwankwaɗa, duk suna ɗauke da sinadarin da ake kira kafeyin, wanda ke hana ido rufuwa. Jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage shi da rabi. Watau wanda ya ɓare goro bayan magariba, ƙarfe sha biyun dare rabin ƙarfinsa na nan cikin jininsa. Ba a ce a daina ba. A ci da safe, a ci da rana, daga la'asar a ɗaga masa ƙafa, a gwada mako guda a gani. Ita ma waya, a ajiye ta nesa da shimfiɗa rabin awa kafin kwanciya.

Abokin barci shi ne hasken safiya. A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wani agogo da ke tsara lokacin farkawa da na jin barci, kuma hasken rana ne ke saita shi kullum. Wanda ya fita daga ɗakin da ba taga ya shiga rumfar kasuwa mai duhu, ya yini a ciki har dare, agogonsa ya rikice bai sani ba. Tafiyar ƙasa ta rabin awa bayan fitowar rana tana biyan bukata biyu, ga haske ga motsa jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau rabin awa sau biyar, kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna hakan na rage damuwa. Sai dai a yi adalci. Ba za a je wurin mai ɗaukar buhun albasa tun asuba, ko mai tura baro, a ce masa ya motsa jiki ba, dariya zai yi. Shi nasa maganin ruwan sha ne isasshe, da miƙe ƙafa a inuwa, da hutun ko da rabin yini a mako. Masu bukatar tafiyar su ne ɗan canji, da dillali, da mai shago, da direba, waɗanda ke yini a zaune tumbi na girma zuciya na ƙunci.

Sai abinci. Ba maganar tsadarsa ake yi ba, maganar yadda ake cinsa. A gida ba wanda ke cin tuwo shi kaɗai. Ciyayya ake yi, kowa ya fito da ƙwaryarsa ƙofar gida. A Kurmi kuwa sai a ga mutum ya jiƙa garin kwaki a leda ya sha a tsaye, yana kallon bango. Mutum huɗu ko biyar 'yan gari ɗaya, in suka haɗa abin da kowa zai kashe wurin mai abinci, suka sayi garin masara da kuka da daddawa, waɗanda ba a rasa su a kowace Sabo ko Zango, suka tuƙa tuwo ko sau ɗaya a mako, za su ƙoshi da ƙasa da abin da suka saba kashewa. Ribar da ba a lissafawa kuwa ita ce awa biyun da za a yi ana hura wuta, ana gardamar wa ya iya kaɗa miya, ana tuna mutanen gida. Ƙanshin daddawa kaɗai ya isa ya rage wa mutum nisan hanya.

Wannan ya kawo zance kan babban al'amari, watau mutane. A Jami'ar Harvard ta Amurka an soma wani bincike a 1938, aka bi rayuwar mutum 724, wasu ɗaliban jami'a wasu 'ya'yan talakawan birnin Boston, tun suna samari har tsufa. Abin da aka gano shi ne, ba dukiya ko muƙami ne suka fi nuna wanda zai tsufa da lafiya da kwanciyar rai ba, kyawun dangantakarsa da mutane ne. A 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici. Magabatan da suka kafa unguwannin Hausawa a Kudu ba su karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma sun gina zamansu a kan haka. Sabo ta Badun an kafa ta a 1916, kuma wani malamin jami'a daga Ingila mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a cikinta a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda kowane baƙo mai fataucin shanu ko goro yake da maigida: shi zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki, ya shiga maganarsa in ta taso. Baƙo bai kwana shi kaɗai, bai ci shi kaɗai. Yaron da tirela ta sauke yau a gefen titi ba shi da maigida. Kangon gini ne masaukinsa, ko ƙarƙashin gada, kuma in ya kwana uku bai fito ba, babu wanda zai lura.

A ƙasar Zimbabuwe akwai wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, wanda ya ga likitoci irinsa ba su isa ƙasar ba. Wajen 2006 sai ya koya wa wasu tsofaffin mata a birnin Harare yadda za su saurari mai damuwa su taimake shi ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, aka ajiye musu benci na katako a harabar ƙananan asibitoci. Mutanen can ma yawan tunani suke kiran ciwon da harshensu. Da aka gwada tsarin aka buga sakamako a 2016, waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Benci ne kawai da kunne mai haƙuri.

Hausawa ba su rasa benci ba. Kowace unguwa akwai majalisa, akwai dakali, akwai teburin mai shayi. Abin da aka rasa shi ne kunnen. Majalisa wurin siyasa ce da ƙwallo da farashin dala, kuma duk wanda ya kuskura ya ce zuciyarsa ba daɗi, sai a ce masa ai kai namiji ne, ko a rufe masa baki da sai haƙuri tun bai gama magana ba. Gaisuwar Hausa ma da kanta tana rufe ƙofa: ina gajiya, ba gajiya, ina gida, lafiya lau, ko da kuwa mai amsawar bai runtsa ba kwana uku. Abin da ake bukata ɗan ƙarami ne. In aka ga wanda aka sani da fara'a ya yi shiru, ya daina zuwa majalisa, ya rame, a ja shi gefe bayan an gama gaisuwar baki, a sake tambayarsa a karo na biyu, sa'an nan a yi shiru a saurara. Ba lalle sai an ba shi kuɗi ko shawara ba. Kowane mutum kuma ya kamata ya san, a cikin garin da yake, wane ne mutum ɗaya da zai iya buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare. In babu, neman wannan mutumin ya fi neman cinikin gobe gaggawa.

Kiran gida ma yana da gyara. Yawancin kiran da ke shiga tsakanin ɗan ci-rani da iyalinsa na kuɗi ne, har ta kai wasu gabansu na faɗuwa in suka ga lambar gida. Yana da kyau a ware rana guda a mako, a ce Juma'a da dare, wadda kiran ba na aike ba ne: a ji muryar tsohuwa, a sa yaro ya karanta abin da ya koya a makaranta, a tambayi ko akuya ta haihu. Minti biyar ya isa. Labaran duniya kuma a sa musu lokaci. Rediyo yana da wata fa'ida da waya ba ta da ita, shirinsa yana ƙarewa. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, na Jamus tun 1963, na Faransa tun 2007. A ji labarai safe da yamma cikin jama'a, a tattauna, a tashi. Ita waya ba ta da ƙarshe, kuma hoton gawa da aka kalla sau goma bai ƙara wa kowa sani ba, sai dai tsoro da ƙiyayya. Maimakon haka, wayar da ke ɗauke da wannan hoton tana iya ɗaukar Shata da Ɗan Maraya da Barmani Choge. Dara kuwa ba ta bukatar caji: rami talatin a ƙasa, tsinke goma sha biyu ga kowa, da 'yan kallo masu tsokana.

Wani abin da ke rage nauyin zuciya, wanda 'yan Arewa da yawa suka yi watsi da shi, shi ne sabo da masu masauki. Akwai wanda ya shekara goma a Anacha ko Inugu bai iya gaisuwar safe da harshen Ibo ba, bai taɓa leƙa bikin sunan maƙwabcinsa ba. Irin wannan mutum kullum a ɗarare yake, domin duk wanda ke kewaye da shi baƙon ido ne. 'Ya'yan Hausawa haifaffun Sabo da Agege da Idi-Araba suna Yarbanci kamar Yarbawa, kuma kowa ya san yadda hakan ke buɗe musu ƙofa. Gaisuwa goma da aka koya, da sanin sunan mai shagon da ke kusa, suna sa titi ya daina zama daji. Ranar da hankali ya tashi kuma, maƙwabcin da ya san sunan mutum shi ne farkon mai ɓoye shi.

Sauran ƙananan abubuwa kowa ya san su. Aski da wanki da ɗan turare ranar Juma'a, ba sai Salla ba. Share wurin kwana ko da tabarma ɗaya ce. Nuna wa sabon zuwa inda zai sami ruwa da inda zai kauce wa 'yan sara-suka, domin wanda ya yi wa wani rana yakan ji shi ma mutum ne. Sallar jam'i, ban da ladarta, tana raba yini gida biyar ta haɗa mutum da fuskoki sanannu. Haka 'yan Arewa Kirista suke samu a majami'un da ake sujada da Hausa da ƙungiyoyin zumunta.

Mata fa? Su aka fi mantawa, alhali nasu ya fi tsanani. Yarinyar da aka ɗauko daga gidan da ke cike da kishiyoyin uwa da ƙanne da maƙwabta, aka kawo ta ɗaki ɗaya a gidan haya a Ikko, ba ta jin harshen kowa a gidan, miji ya fita tun duhu sai dare, wannan ba kulle ba ne irin na gida, ɗaurin talala ne. In ta haihu kuma ba uwa ba goggo, ba mai dafa mata ruwan jego ko kunun kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mace ɗaya cikin goma na masu ciki da masu jego suna kamuwa da ciwon damuwa. Maigidan da ya bar matarsa ta je Islamiyya, ko gidan 'yar garinsu sau biyu a mako, ko ta shiga adashi da matan unguwa, ko ya dawo da wuri yini guda ya zauna su yi hira, bai kashe ko kwabo ba. In ya ga mai jego tana yawan kuka, ba ta barci ko da jariri ya yi barci, ba ta sha'awar ɗaukar ɗanta, kada ya tsaya cewa iska ce, ya kai ta asibitin da ta haihu ya faɗa musu.

Domin dai kowane magani yana da iyaka, kuma ba za a yaudari mai karatu a ce tuwo da dara suna warkar da komai ba. Ba sa biyan kuɗin haya, ba sa mayar da babur ɗin da aka kama. Abin da suke yi shi ne su bar wa mutum hankalin da zai fuskanci waɗannan. Kuma in baƙin ciki ya wuce mako biyu kullum ba sauƙi, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, abinci ya fita ransa, ya kasa fita nema, to ya zama ciwo, kuma yana da magani kamar hawan jini. In har ya soma cewa gara ya mutu, ko yana rabon kayansa yana neman gafara ba dalili, kada a bar shi shi kaɗai ko na awa ɗaya, a kawar da maganin ƙwari da igiya da wuƙa daga kusa da shi, a kai shi asibiti ran nan. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Yaba ta Ikko, da Aro ta Abekuta, da Binin, da Inugu, da Kalaba, kuma likitan kowane babban asibiti zai iya dubawa ya tura. Zuwa can ba shi ne hauka ba. A Aro ɗin nan ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya soma a 1954 saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, domin ya ga mutum ya fi saurin warkewa a cikin mutane. A watan Janairu na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marar lafiya. Ɗaure mutum da mari, ko jefa shi mota a aika gida kamar kaya, ba shi da sauran hujja.

Saura Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari, da limamai, da attajiran da Allah ya buɗa wa a nan. An san ƙoƙarinsu wajen belin wanda aka kama da kai gawa makwanci. Ana roƙonsu su waiwayi mai rai tun yana tsaye. Kowace ƙungiyar 'yan gari ta riƙe littafin sunayen 'yan'uwanta da inda suke kwana, a sa wani dattijo yana zagawa. Masu shaguna da masu rumfuna su ba yaransu rabin yini a mako, wanda ba a cire musu a lada. Liman ya ware huɗuba ɗaya ya gaya wa jama'a cewa ciwon damuwa ciwo ne, ya faɗi sunan asibitin da ya fi kusa. A harabar masallacin kowace unguwa kuma a sa fitila da benci biyu bayan lisha, a samu mutum biyu ko uku masu riƙe sirri, a roƙi wani ma'aikacin lafiya daga cikin 'yan Arewan da ke aiki a asibitocin garin ya koya musu abin da za su saurara da lokacin da za su ce a tafi asibiti.